Duwatsun Matar Fir'auna

Unguwar Boro, Kaduna
Watan Afrilu

Zuwa ga 'yata Vicky,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da madam ɗinki da yaran da kike raino a Alƙahira. Mu nan lafiya, ban da ciwon gwiwa da rashin wuta, su kuwa sun zama 'yan gida. Na rubuta da biro na ɗauki hoton takardar kamar kullum, tunda kin ce madam ba ta son jin ƙarar waya. In kin ga kuskure ki tuna a aji biyu na sakandare ubanki ya yi sallama da boko, bokon kuma bai bi shi da kuka ba.

Labari na farko, haƙorina na gaba ya riga ni tafiya. Ga yadda aka yi.

Kin tuna hoton da kika aiko ran da kika kai yaran madam gidan kayan tarihi? Duwatsun wuyan nan shuɗɗa na gilashi da aka tono a kaburburan matan Fir'auna, kika rubuta a ƙasa, sak irin na Mama. Na daɗe ina kallonsa. Sai na buɗe akwatin uwarki Naomi, karo na farko tun da muka binne ta a Fabrairu, na ɗauko nata na ajiye kusa da waya. Vicky, uwa ɗaya uba ɗaya. Shuɗin nan mai duhu, da farin ɗigon nan kamar ido.

Mai hankali da sai ya yi kuka ya mayar ya rufe. Ni kuwa na rataya a wuya na hau keke sai Kamazou, gidan burukutun Mama Lizzy. Ƙwarya ta farko na yi shiru. A ta biyu abokina Friday ya ce, "Harrison, ka fara sa kayan mata ne, ko zaman gwauro ya taɓa ka?" Na ce, "Kai, wanke hannu kafin ka nuna, wannan na matar Fir'auna ne." Na fito da hoton da kika aiko. Kowa ya matso yana leƙe.

Daga nan bakina ya kama aiki ba da izinina ba. Na ce ai fasto ya taɓa karanta mana yadda Isra'ilawa suka ari kayan adon matan Masar suka gudu da su. To ɗaya daga cikinsu ya ɓata hanya a jeji, maimakon Kan'ana ya faɗo Bida. Shi ya sa har gobe masu narka gilashi a Bida suke cewa kakanninsu daga Masar suka zo. A hannun wani Banufe kakar uwarki ta saya, wannan kam gaskiya ce, ita kaɗai ce gaskiyar da na faɗa ranar. Na ce Turawa suna ba da mota a kan ƙwaya ɗaya. Sai na hau benci in nuna musu yadda matar Fir'auna take rangwaɗa. Bencin Mama Lizzy bai san sarauta ba, ya juye da ni na sauka da baki.

Duwatsun ba abin da ya same su, ko zaren bai tsinke ba. Kowa ya taɓa, har da masu shafawa a goshi.

Batun rabon kayan uwarki, yayarta Mama Babba ta sa rana, ƙarshen wata. Kada ki damu. Tun ranar biso, muna dawowa daga kabari, ta ce wannan tarkacen kwalba a bar wa Vicky, ita atamfofi take so. Abin da kika roƙa naki ne.

Ubanki mai sabon giɓi,
Harrison

*

Alƙahira
Watan Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, aiki ne dai ba ya ƙarewa. Madam ta ƙwace wayar saboda ƙaramin ya faɗi a hannuna, sai yau ta ba ni, shi ya sa sai yanzu na ga takardarka.

Ban yi dariya ba.

Cewa na yi sun yi kama. Ban ce su ba ne. Na gidan tarihin nan sun shekara dubbai a ƙasa, suna cikin akwatin gilashi, ɗan sanda na tsaye a kansu. Na Mama kwalba ce aka narka, ita da kanta take faɗa tana dariya. Na aiko hoton ne don da na gan su na ji kamar za ta shigo tana gyara ɗankwali za ta coci.

Ka manta matar Friday da Mama Babba benci ɗaya suke zama a Zumuntar Mata ta coci? Ka manta yadda ake yi a gidansu Mama? Abin da mace ta gada wurin uwarta, in mai daraja ne, 'yan'uwanta mata suke rabawa. Abin da ba wanda yake so shi ake bar wa 'ya. Rashin darajarsu ne ya sa suka zama nawa, Baba.

In ba a yi rabon ba tukuna, ka kai su gidan fasto yau ɗin nan, ka ba matarsa ta kulle.

Fasfona yana jakar madam. Ban ga gawar uwata ba, ban zuba mata ƙasa ba. Ban nemi zane ba, ban nemi tukunya ba. Abu ɗaya na roƙa.

Vicky

*

Unguwar Boro
Watan Yuni

'Yata Vicky,

Gaisuwa mai yawa. Gwiwa da sauƙi, damina ta sauka, rufin ɗakina yana karɓar baƙi ta wuri uku.

Takardarki ta iso bayan an gama rabo, amma ki kwantar da hankali, komai ya tafi lafiya lau. An yi addu'a, an ci tuwo, atamfofi sun sami sababbin ƙugu. Mama Babba ta tafi da keken ɗinki a ka kamar amarya da gara.

Kin yi sa'a. Tony, ɗan maƙwabcinmu, zai raka babansa asibiti a Alƙahira. Na ba shi duwatsun cikin ƙullin hankici, na ɗaure da ƙulli bakwai. Na sa an wanke su an sake musu zare, don haka in kin ga sun ɗan yi sabunta kada ki yi mamaki, tsufa ma yana son sabulu. Ki sa su ranar Lahadi ki je gidan tarihin ki nuna wa matan Fir'auna cewa Kaduna ma ba baya ba ce.

Ki riƙa cin abinci. A hoton nan na ƙarshe wuyanki ya yi kamar na zalɓe.

Ubanki,
Harrison

*

Alƙahira
Watan Yuli

Malam Harrison,

Tony ya kawo saƙo. Na roƙi madam awa biyu, na shiga mota har asibitin, na durƙusa na gode masa a gaban babansa mara lafiya. Ban buɗe ba sai da na dawo na kulle kaina a banɗaki, don ba na so kowa ya ga fuskata.

Roba ce.

Na Mama suna da nauyi, ko da rana tsaka sanyi gare su. A kansu na yi barci tun ina goye. Waɗannan ko iska ta busa sai su tashi, ga layin inji a jikin kowace ƙwaya. Nawa ka saya a kasuwar Sabo? Ka yi ciniki, ko kunya ta hana ka?

Da ka bar wahalar. Tun kafin Tony ya taso na gani a waya. Irene, 'yar Mama Babba, ta sa hotonta da ƙwaya uku a siririyar sarƙa, ta rubuta jinin sarauta. Na gane ta tsakiyar. Na yi shiru ne in ga ko za ka faɗa mini da kanka. Sai ka aiko mini da roba da ƙulli bakwai.

Mama ta sha gaya mini, ubanki ba mugu ba ne, dariyar mutane ce giyarsa. Shekara talatin tana biyan kuɗin wannan giya. Ta mutu ma ba ka bar ta ta huta ba.

Na ba 'yar madam robar, ta rataya wa kyanwa.

Ka rubuto abin da ya faru. Kada ka sa wasa ko ɗaya.

Victoria

*

Unguwar Boro
Watan Yuli

Vicky,

Ina gaisuwa. Lafiyata ba abin tambaya ba ce. Kin ce kada in sa wasa, zan gwada, amma kamar a ce wa gurgu ya bar ɗingishi ne.

Ranar rabo mata suka cika falo, ni aka ba ni kujera a waje kamar yadda aka saba, miji ba ya shiga. Na lura sun yi yawa. Har da waɗanda ba su zo biso ba, har da wata daga Kafanchan da uwarki ba ta yi wa magana tun kafin a haife ki. Ba su taɓa atamfa ba. Na ji muryar Mama Babba ta taga, "Ina na Fir'aunan?"

Na leƙa na ce, "Mama, wane Fir'auna? Zancen burukutu ne."

Ta ce, "Harrison, shigo."

Na shiga na durƙusa. Ta ce, "Shekara talatin kana mana ƙarya muna haƙuri. Rana ɗaya giya ta sa ka faɗi gaskiya, yanzu kana so ka haɗiye ta?"

Na ce, "Na rantse kwalba ce. Ke da bakinki kika ce tarkace."

Ta ce, "Na ce, don ƙanwata ta ɓoye mini. Ashe dukiyar uwarmu ce a wuyanta muna cin garau-garau. Kuma 'yarka da ta je can ta gani da ido, ita ta aiko da shaida. Ko ita ma maƙaryaciya ce?"

Matar Friday ta ce, "Mota ɗaya ƙwaya ɗaya, haka ya faɗa, mijina na wurin."

Mama Babba ta sa aka kawo tire da reza. Na ce, "Don Allah ku bar zaren, Naomi ce ta shirya su da hannunta." Ta dube ni ta ce, "Da kana tsoron hannun Naomi da ba ka kai su gidan giya ba." Ta yanke. Ƙarar zubarsu a tiren nan har yau tana kunnena. Aka raba kamar gyaɗa, Mama Babba kashi mafi tsoka, sauran kowa da 'yan ƙwayoyinta a bakin zane. Ɗaya ta gangara ƙarƙashin kujera, manyan mata biyu masu jikoki suka yi karo da kai a kanta.

Na ce, "To rabon Vicky fa?" Ta Kafanchan ta ce, "Wadda ke zaune a gidan Fir'auna? Ta ɗebo a can." Aka bushe da dariya. A rayuwata ban taɓa jin dariya daga wannan gefen ba. Ba daɗi.

Suka bar mini zaren. Yana aljihuna.

Batun roba, ba ni da abin cewa. Na ga kamar in na saya wata biyu na kwanciyar hankalinki, zan tattaro na gaske kafin ki gane. Wai ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Zan bi su gida gida. Ki ba ni lokaci.

Harrison

*

Unguwar Boro
Watan Satumba

'Yata,

Gaisuwa. Shirunki ya iso, na karanta shi sau da yawa. Ban sani ba ko madam ce ta ƙwace waya ko ke ce kika ƙwace uba. Ina fatan lafiya dai.

Ga rahoton aiki.

Na je wurin Mama Babba a Gonin Gora, inda take sayar da doya a bakin titi. Ta bar ni a tsaye cikin rana har ta sallami motoci huɗu. Ta ce in dai kwalba ce, in zo in faɗa a gaban Zumuntar Mata, a inda ƙanwarta take zama. Na je ranar Alhamis. Na durƙusa a gaban mata masu ɗankwali iri ɗaya, na ce ni Harrison maƙaryaci ne, Fir'auna bai san da zamana ba, ni ma ban san da nasa ba. Wata ta ce in maimaita, na baya ba su ji ba. Na maimaita. Suka buga tulu suka yi mini waƙa, ba ta yabo ba.

Na ɗauka daga nan za a yi ta kawo mini. Ashe rabinsu sun ce dabara ce in karɓe in sayar ni kaɗai. Sauran rabin sun yarda, sai suka ji haushin an mai da su wawaye, haushin kuwa a kan duwatsun ya sauka. Ta Kafanchan ta riga ta daka nata a turmi tana neman zinariya a ciki. Wata ta ba wani mai jif a hanyar Abuja, ya ce zai kai a gwada, har yau yana gwadawa. Irene ta ce nata sun faɗa masai, ta faɗa tana kallon idona. Abin da na samu bai cika cokali ba.

Saura kashin Mama Babba, wanda ya fi rabi. A nan ne zancen yake.

Kin san ban iya yi wa kabarin uwarki siminti ba, tun da aka rufe masaƙar da nake aiki, aljihuna yake azumi. 'Yan'uwanta suka haɗa aka yi a watan jiya, a can ƙauye bayan gidan babana. Ba a gaya mini rana ba. Da na koma Gonin Gora karɓar alkawari, Mama Babba ta miƙo mini waya. Ga kabari, ga sunan Naomi, ga duwatsun an danna su cikin ɗanyen siminti an jera su kamar a wuya.

Na ce, "Mama, na Vicky ne fa."

Ta ce, "Ba kai ka ce matan Fir'auna da nasu ake binne su ba? In na gaske ne, sun koma wurin mai su. In kwalba ce, ba a yi asara ba. In kana so, ga guduma, je ka fasa kan matarka."

Na tsaya ina neman abin dariya da zan faɗa, ban samu ba. Ta ba ni doya ɗaya, mai ruɓaɓɓen gindi.

Ki ce wani abu, ko zagi ne.

Ubanki

*

Alƙahira
Watan Oktoba

Baba,

Na ga duka. Wayar tana hannuna tuntuni.

Mama Babba don ta ƙona ni ta yi, na sani, amma ba ta san ta yi mini alheri ba. Ka bar su a inda suke. A gidan tarihin nan abin da ya fi ba ni tausayi shi ne matan da aka kwance wa ado aka bar su a kwance ana kallo. Mama ta sami nata. Aƙalla yanzu suna inda bakinka ba zai kai ba.

'Yan ƙwayoyin da ka tara ka riƙe. Ba na son abin da aka roƙo da gwiwa.

Kwantiragina zai ƙare a Disamba, madam ta yarda ta ba ni fasfo. Zan sauka Abuja in bi ta Jere zuwa Kwoi in wuce ƙauye, hanyar ba ta bi ta Kaduna ba. Zan je in ɗora hannuna a kansu in yi wa uwata sallamar da ban yi ba. Ni kaɗai nake so in je.

Kada ka zo.

Vicky

*

Tashar mota, Kaduna
Watan Nuwamba

'Yata Vicky,

Gaisuwa. A kan gwiwata nake rubutu, mota ba ta cika ba, ki yi haƙuri da karkatar layi.

Bakina ya kai.

Jiya Matthew, ɗan'uwana da ke noma kusa da gidan babana, ya kira. Kin san gidan kango ne, ba mai kwana. Ya je duba citta da safe ya tarar an bi kabarin da guduma da ƙusa. An ƙwaƙule duwatsun gefen hagu, an fasa simintin har rabin sunanta ya tafi. Na dama suna nan, da alama wani abu ya kore su, kuma za su dawo. Labarin mota ɗaya ƙwaya ɗaya ya riga ni zuwa ƙauye tun damina. Can an ce ma akwai sauran a ƙasa tare da ita. Tubana na gaban Zumunta kuwa ko daga Kaduna bai fita ba.

Na ce wa Matthew ya gaya musu kwalba ce. Ya ce, "Yaya, na faɗa. Sun ce in kwalba ce me ya sa aka sa a kabari?"

Na kulle ɗaki na ba maƙwabta makulli. Ina da rabin buhun siminti, da tabarma, da tocila, da sandar da nake dogarawa. Zan gyara abin da ya gyaru, duk da ni ba birkila ba ne, za ki ga tabo. Sannan zan shimfiɗa tabarma a gefenta. Duk wanda ya zo zan gaya masa gaskiya, in bai yarda ba ya fara da kaina, ya fi simintin taushi. Ban san ranar tashi ba. Muddin akwai mai gaskata ni a ƙasarmu ta Jaba, ba ni da halin barin wurin.

Kin ce kada in zo. Wannan ma ba zan iya cika miki ba. In kin iso za ki tarar da ni a can, don in na matsa ba za ki sami abin ɗora hannu ba. Ba sai kin gaishe ni ba. Ki yi mini alama kawai, zan koma bayan mangwaro in juya baya har ki gama, sannan in dawo bakin aiki.

Direba yana kira.

Ubanki,
Harrison